Tsohon Babur Ya Ƙi Tashi? A Auna Kafin A Sayi Kaya

A gidaje da yawa akwai shi. Yana zaure ko lungun bayan ɗaki, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, tayoyinsa sun sace, ƙura ta yi wa tankinsa riga. Wani Honda CG125 ne da mahaifi ya hau shekara da shekaru, wani kuma Jincheng ne da yaya ya jingine tun lokacin da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013. Daga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin zirga-zirga ya zama abin lissafi kowace safiya, don haka ba abin mamaki ba ne matashi ya fara kallon wannan ƙarfen da wani ido. Sai ya fito da shi, ya wanke, ya sa a hura tayoyi, ya zuba mai, ya murɗa makulli, ya buga kiki. Shiru. Ya sake bugawa har gumi ya jiƙa masa riga. Shiru.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Abokin da ke tsaye a gefe zai ce fulogi ne, a sayo fulogi. Wani ya ce ai batirin da ya yi shekaru a ajiye ya mutu, a sayo batir. Bayan kwana biyu a koma kan kwayil, daga nan a ɗora wa CDI laifi, domin shi ne ƙaramin baƙin akwatin da ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Cikin mako uku an tara sabbin kaya huɗu, kuɗin da aka ware don canza wayar hannu ya tafi, babur kuma yana nan inda yake. Ranar da za a gano matsalar, sau da yawa sai a tarar wata koriyar wayar wuta ce da tsatsa ta ci bakinta a ƙarƙashin noti, abin da guntun samfefa zai gyara cikin minti biyar.

Wannan ɗabi'ar ta saya-a-gwada ita ce babbar hanyar asarar kuɗi a kan tsohon babur, kuma matashin da ke riƙe da wayar zamani shi ne ya fi kowa rashin uzuri a kanta. Idan wayarsa ta ƙi caji ba ya zuwa kai tsaye a canza mata batir. Zai gwada wata igiyar caji, ya gwada wani kan caja, ya koma wani soket, ya leƙa ramin cajin ya ciro dattin da ya taru. Yana kawar da waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, yana farawa da wanda bai da tsada. Amma shi wannan mutumin, da zarar ya tsaya gaban babur, sai ya manta da duk wannan ya koma kame-kame.

Masu rubuta manhaja suna da ƙa'idoji biyu da wahala ta koya musu. Ta farko, ba a canza abu biyu lokaci guda, domin idan ya gyaru ba a san wanne ya gyara ba, idan kuma ya ƙara lalacewa ba a san wanne ya ɓata ba. Ta biyu, ba a cewa “manhajar ba ta aiki” a yi shiru. Sai an faɗi inda ta tsaya da abin da ta nuna. Babur ma haka yake.

“Ya ƙi tashi” cuta uku ce

Injin da ba ya juyawa idan an danna sitata daban yake da injin da ke juyawa lafiya amma bai kama ba, kuma dukkansu daban suke da wanda ke kamawa na daƙiƙa uku ya mutu. Na farko maganar batir ce da manyan wayoyi da sitata. Na biyu maganar tartsatsin fulogi ce, ko mai, ko matsin iska a cikin silinda. Na uku mafi yawa maganar mai ce. Wanda bai ware waɗannan ba tun farko yana iya sayen batir don gyara kafireta da ta toshe, kuma hakan na faruwa fiye da yadda ake zato.

Kayan aikin da ake buƙata ba shi da yawa. Sifana, sukudireba, samfefa, da mitar awon lantarki irin wadda ke gaban kowane mai gyaran waya a Farm Centre. Ko ƴar ƙarama mai lamba DT830 ta wadatar, kuma kuɗinta bai kai na kayan da ake saya bisa kuskure ba. Abu ɗaya ne za a kula da shi: tana aiki da batir mai folt 9 a cikinta, kuma idan ya yi sanyi sai ta riƙa nuna lambobi sama da gaskiya. Mitar da ta ce batirin babur na da folt 15 alhali injin a kashe yake, ita ce ke buƙatar batir.

Batir yana ƙarya idan ba a ɗora masa kaya ba

A juya mita zuwa 20 na ɓangaren DC, jar igiya a kan mai alamar +, baƙa a kan mai alamar −. Batirin folt 12 da ya cika kuma ya huta zai nuna kusan 12.6 ko sama da haka kaɗan. Idan ya nuna 12.2, kusan rabi ya rage. Ƙasa da 12 ya yi nisa. A nan ne mutane ke tsayawa su ce batir lafiyarsa ƙalau, alhali rabin gwajin aka yi.

Kowa ya san tsohuwar wayar da ke nuna kashi 40 cikin ɗari, a buɗe kyamara ta ɗauke. Lambar tana nan, ƙarfin ne babu. Batirin babur ma yana yin haka. Sai a bar igiyoyin mita a kansa, a danna sitata, ido na kan lamba. Lafiyayyen batir zai ɗan sunkuya ya tsaya a kusa da 10 ko 11. Wanda ya faɗo zuwa 7 ko 6, a yi masa caji sosai a sake gwadawa, idan ya maimaita to ya gama aiki, kuma a nan sayen sabo ya halatta domin an kama shi dumu-dumu. Babur ɗin da ba shi da sitata, kamar tsofaffin CG125 masu kiki kaɗai, ana iya ɗora wa batirinsa kaya ta hanyar danna hon da taka birki tare.

A tabbatar kuma wane irin tsari ne a babur ɗin. CG125 na farko-farko folt 6 suke amfani da shi, cikakken batirinsu kusan 6.3 yake nunawa. Wanda ya ɗora masa mai folt 12 don ya ga ya shiga gurbin, zai ƙone ƙwayayen fitila.

Kunne ma mita ne. Ƙarar “kas-kas-kas” da sauri idan an danna sitata na nufin wuta na isa rile amma ba ta da ƙarfin riƙe shi: batir ya yi sanyi ko akwai mummunar mahaɗa. “Kas” guda ɗaya mai ƙarfi sannan shiru na nuna rile ya rufe amma wutar ba ta wuce ba, ko sitatar kanta ta maƙale. Shiru gaba ɗaya kuma yakan zama fiyus, makulli, maɓallin sitata, ko ƴan makunnan tsaro da ke hana tashi sai babur yana furi ko an kama kuloci. Makanikai kan haɗa manyan notuna biyu na rile da sukudireba don su gani ko sitata za ta juya. Gwaji ne mai amfani, amma yana fitar da tartsatsi, don haka sai an tabbatar babur na furi kuma babu mai da ya zuba kusa.

Inda tsohon babur ya fi ciwo

Abin da shekaru suka fi lalatawa a babur shi ne wuraren da waya ke haɗuwa da waya, ko waya da ƙarfe. Kwayil da CDI a rufe suke, ruwa da ƙura ba sa shigarsu da sauƙi. Amma bakin waya yana fili: ruwan damina ya taɓa shi, ƙurar hunturu ta zauna a kai, zafin injin ya gasa shi, ɓera ya ɗanɗana robarsa a shekarun da babur ya yi a zaure. Mafi muhimmanci cikinsu shi ne hanyar komawar wuta. Lantarki na fita daga kan + ya yi aikinsa ya koma kan − ta jikin ƙarfen babur, saboda haka notin da ya ɗaure wayar batir da bodi yana ɗauke da nauyin kowa. Matashin da ya yi wa bodi sabon fenti don babur ya yi kyau a hoto, sannan ya ɗaure wannan wayar a kan fentin, ya toshe hanyar da hannunsa.

A nan mita tana iya yaudarar wanda bai san halinta ba. Idan aka sa ta a wurin da take yin ƙara don nuna waya ba ta tsinke ba, ƴar wuta ƙalilan take turawa, wadda za ta iya bi ta silin tagulla guda ɗaya. Wayar da saura sili biyu ta rabu za ta sa mita ta yi “fiii” kamar sabuwa. Sitata kuwa gomiyoyin amfiya take ja. Lissafin mai sauƙi ne: faɗuwar folt daidai take da amfiya sau turjiya. Mahaɗa mai tsatsa da ke da turjiyar om 0.1 kacal, idan amfiya 30 suka bi ta cikinta, za ta cinye folt 3. Batir ya sunkuya zuwa 11, tsatsa ta ɗauke 3, sitata ta sami 8, sai ta yi nishi ta tsaya. Shi kuwa om 0.1 ɗin, ƴar mita mai araha ba ta iya ganinsa, domin igiyoyinta ma kan kai haka.

Maganin shi ne a auna lokacin da wutar ke gudana. A bar mita a awon folt, igiya ɗaya a kan dalmar batir mai alamar − ita kanta, ɗayar a jikin injin inda ba fenti, a danna sitata. Abin da ya fito shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. Ƙasa da rabin folt abin karɓa ne. Folt 1 ko 2 na nufin akwai inda ya ruɓe tsakanin wuraren biyu. A yi haka a ɗaya ɓangaren, daga kan + zuwa notin da ke jikin sitata. Wanda bai da mita ma yana iya taɓa mahaɗun bayan an danna sitata na ƴan daƙiƙu. Wadda ta yi ɗumi ita ce mai laifi. A kwance ta, a goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris. Idan za a kwance batir, kan − ake fara cirewa kuma shi ake mayarwa a ƙarshe, sannan a cire zobe da agogon ƙarfe kafin a sa hannu.

Idan kuma wuta na batir amma ba ta isa hon ko fitila ba, ba sai an bi waya taku-taku ba. Masu manhaja na da dabarar raba gida biyu: a auna a tsakiyar hanya, misali a bayan makulli. In akwai wuta a nan, rabin farko ya kuɓuta. In babu, rabin ƙarshe ya kuɓuta. A sake raba wanda ya rage. Hanya mai mahaɗa 16 awo huɗu ya ishe ta.

Baƙin akwatin da ake zalunta

Injin na juyawa amma bai kama ba, sai a duba tartsatsi. A ciro fulogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da kan injin nesa da ramin, a buga kiki a inuwa domin rana na ɓoye shi. Tartsatsi mai kauri da ke ƙara “tas” shi ake nema. Mai rauni yana iya tsallakawa a fili amma ya kasa a cikin silinda inda iska ke matse. Fulogin CG125 shi ne NGK D8EA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Hular ma tana mutuwa, kuma wayar da ke shiga cikinta takan ruɓe a baki. Yanke ɗan santimita ɗaya a sake murɗawa ya tayar da babura da yawa.

Idan babu tartsatsi ko kaɗan, akwai abin da ya kamata kowane mai ƙaramin babur ya sani kafin ya taɓa aljihunsa. CDI iri biyu ne. Akwai mai shan wuta daga batir, akwai kuma mai shan wuta daga wani kwayil da ke cikin injin kusa da maganadisun da ke juyawa. Iri na biyun babu ruwansa da batir; shi ya sa babura da yawa ke tashi da kiki ko an cire musu batir ɗungurungum. Wanda ya sayo wa irin wannan babur sabon batir don babu tartsatsi ya ba majinyaci maganin wata cutar. Kuma tun da akwatunan biyu kan yi kama da juna har a bakin soket, ana iya sayo wanda ba nasa ba a ɗora, a ce “har sabon ma bai yi ba”.

Ga kuma wani abin da ke rikita mutane. A tsarin da ke shan wuta daga injin, makulli ba ya ba wa CDI wuta. Abin da yake yi shi ne, idan an kashe, ya haɗa wata waya da bodi don ya kashe tartsatsi. A tsarin launukan Honda, baƙa ce mai ratsin fari. To idan wannan wayar ta goge a wuyan babur ta taɓa ƙarfe, ko ruwa da tsatsa suka cika cikin makulli, babur zai zauna a kashe komai yawan murɗa makullin. Gwajin kyauta ne: a zare wannan wayar daga soket ɗin CDI a buga kiki. In tartsatsi ya dawo, CDI bai yi laifin komai ba.

Launukan suna da amfani ƙwarai, amma kowane kamfani da harshensa. A Honda, koriya ita ce hanyar komawa, ja daga batir take, baƙa zalla ita ce wutar bayan makulli, baƙa mai ratsin rawaya kuma daga CDI zuwa kwayil. A Yamaha, baƙa ita ce hanyar komawa, ruwan ƙasa ce ta bayan makulli. A Suzuki, baƙa mai ratsin fari ita ce hanyar komawa, wato launin da a Honda ke kashe injin. Mai Jincheng AX100, wanda asalin zanensa na Suzuki ne, idan ya bi bidiyon Honda ido rufe zai zare abin da bai kamata ba. Baburan China masu kwaikwayon CG sukan bi launukan Honda, amma ba kullum ba, balle babur ɗin da hannun makanikai biyar ya ratsa, kowa ya ƙara guntun wayar da ya samu. Don haka launi shaida ce ta farko, mita ce ke tabbatarwa.

Sai an kawar da wayar kashewa, an tabbatar kwayil ɗin cikin injin na fitar da wuta idan an buga kiki, an duba kwayil na waje da hularsa, sannan zargi ya sauka kan CDI. Gaskiya ne mita ba ta iya yanke masa hukunci kai tsaye, kuma a nan kaɗai musanya ke da ma'ana. Ko a nan ma aro ya fi saye: a ciro na abokin da babur ɗinsa irin wannan ne kuma yana tashi, a gwada minti biyu, a mayar masa. Tsofaffin da suka girmi CDI kuwa, masu kontak, sau da yawa dattin da ya kwanta a bakin kontak ɗin ne. A goge, a daidaita tazarar zuwa milimita 0.3 ko 0.4.

Ba kowace matsala ce ta lantarki ba, kuma kar sabuwar mita ta sa a manta. Fetur ɗin da ya kwana shekaru a kafireta yana komawa danƙo ya toshe ƴar ƙaramar ƙofar da injin ke sha idan yana tsaye. A ɗiga mai kaɗan ta ramin fulogi, a mayar, a buga. In ya kama ya mutu, wuta lafiya lau, kafireta ce ke son wanki. In kuma kiki na sauka ba wata turjiya, kamar an taka lilo, to bawul ne ko ringi, kuma wannan aikin bakanike ne.

Fiyus da cajar waya

Fiyus ɗin da ke ƙonewa yana ba da labari ne: akwai inda wayar wuta ta taɓa bodi. Naɗe shi da takardar gwangwanin sigari ko maye gurbinsa da silin tagulla kamar rufe bakin mai ihu ne alhali gobarar na ci. Wayoyin na bin ƙarƙashin tanki. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Akwai dabara mai kyau da ba ta cin fiyus ko ɗaya: a haɗa ƙwan sigina a gurbin fiyus ɗin. Muddin gajeriyar hanyar na nan, ƙwan zai haska sosai. A riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya, na hon, na birki, na sigina. Wanda aka zare hasken ya dushe, a layinsa ɓarnar take.

Sai kuma laifin da ya fi zama na ƴan zamani. Abu na farko da matashi ke ɗora wa babur ɗin da ya farfaɗo shi ne cajar waya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaure ta kai tsaye a kan batir. Irin wannan cajar tana shan wuta ko ba waya a jikinta, musamman mai ƴar shuɗiyar fitila ko mai nuna lamba. A ɗauka tana jan miliamfiya 20. A kwana ɗaya ta sha kusan rabin Ah, batir mai 5Ah kuwa zai ƙare cikin kusan kwana goma, kuma tun kafin nan ya daina iya juya sitata. Mai babur zai zagi mai shagon da ya sayar masa da batir, alhali ɓarawon na kan sitiyarinsa. Wurinta shi ne layin bayan makulli, da ɗan fiyus nata. Ana iya kama irin wannan satar da mita: a cire kan −, a sa mita a awon amfiya tsakanin dalmar batir da wayar da aka cire, makulli a kashe. A wannan yanayin ba a danna sitata, kuma ba a ɗora mitar a kan kawunan batir biyu, domin nan take za ta ƙone.

Bayan babur ya tashi akwai awo ɗaya da ya rage. Da injin na aiki, a ɗan ƙara wuta, batir ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa daga 12 ba, ba ya samun caji. In ya haura 15, rektifaya na dafa shi, kuma ita ce ke sa ƙwayayen fitila ƙonewa a kai a kai.

Laifin ba na bakanike kaɗai ba ne

Abu ne mai sauƙi a ɗora komai kan makanikai, amma hakan bai zama adalci ba. Akwai bakaniken da ya shekara ashirin yana jin kukan waɗannan injina, wanda kunnensa ya fi mitar sabon shiga. Matsalar tana ga yadda ake biyansa. Mai babur zai ba da kuɗin sabon CDI ba gardama domin ya ga abu a kwali, amma idan bakanike ya ɓata awa biyu yana bin wayoyi ya gano noti mai tsatsa, sai a ce “ai ba abin da ka canza” a miƙa masa abin da bai sayi kwanon abinci ba. Wanda aka koya wa cewa tunani ba ya kawo kuɗi, canjin kaya zai riƙa yi. Mai son a yi masa bincike sai ya biya kuɗin bincike, ya kuma faɗa tun farko.

Kuma awon da mai babur ya yi a gida yana sauƙaƙa wa bakaniken aiki idan an kawo shi da ladabi. “Oga, babur ya ƙi tashi” hanya ce ta buɗe ƙofar gwaji. “Oga, batir na nuna 12.6, yana sauka 10.8 in an danna sitata, injin na juyawa, amma babu tartsatsi ko da na zare wayar kashewa” kuwa ya rage masa rabin aiki. Mai yiwuwa ya ɗago kai ya ce, “Ɗan samari, kai ma ka taɓa aikin ne?” amma zai san inda zai fara.

Haka abin yake da intanet. Wanda ya rubuta wa ChatGPT ko ya bincika a YouTube da cewa babur ɗinsa ba ya tashi zai sami jerin abubuwa goma, kowanne mai yiwuwa, wanda bai fi shawarar abokin da ke tsaye a gefe ba. Bidiyoyi da yawa ma a kan manyan baburan Amurka da Turai aka yi su, masu kwamfuta da famfon mai, waɗanda ba su haɗa komai da CG125 ba. Honda ta ƙera wannan babur ne a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashe masu tasowa, inda ta lura ba a cika yi wa injin hidima a kan lokaci ba, shi ya sa komai nasa ke da sauƙi. Bidiyoyin makanikan Pakistan, inda har yanzu ake ƙera shi, sun fi kusa da abin da ke zaure, ko ba a jin harshen ana ganin hannun. A ba wa na'ura sunan babur da shekararsa da lambobin da aka auna, amsarta za ta fi amfani. Ko da hakan, duk lambar da ta bayar a gwada ta da littafin babur ɗin, domin takan faɗi kuskure da cikakken ƙarfin hali.

Amfanin wayar hannu mafi girma a wannan aikin bai ma buƙatar data. A ɗauki hoton kowane soket kafin a zare shi. A sauke zanen wayarin na ainihin babur ɗin a ajiye. A buɗe wurin rubutu a riƙa sa kwanan wata, abin da aka auna, abin da aka taɓa, da abin da ya faru bayan nan. Aikin tsohon babur yakan ɗauki makonni, ana yi ana bari, kuma ranar Asabar ta uku ba wanda ke tuna ko an goge wayar bodi ko niyya kawai aka yi.

Akwai lokacin da gyara ɗaya-ɗaya ke zama gyaran gangar Auzinawa. Idan aka buɗe kan fitila aka tarar da ƙulli ashirin na wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, robar sauran kuma na farfashewa in an lanƙwasa, to bin su ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne, gobe wani zai saki. Ga babura irin CG ana samun wayarin gaba ɗaya a shagunan kayan babur. A je da tsohon a hannu, a gwada soket da soket a gaban mai shago, a tabbatar na irin CDI ɗin da ke kan babur ɗin ne, sannan a biya.